Alhaji Mamman Shata Da Faifan Garmaho

Tun ran da Malam Edita ya aiko mini cewa lalle in rubuta wani abu a shafin Hausa na wannan fitowa na ke ta jujjuya abin a raina. 'Yan ajin ƙarshe sun so in yi musu bayanin dabarun koyarwa, don sun kusa fita gwajin aiki. Amma wannan ai kullum shi su ke ji a aji, har ya kusa gundurarsu. Ana nan, ran nan da la'asar ina wucewa ta bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, sai na ji muryar Alhaji Mamman Shata tana tashi daga wayar wani yaro, shi kuwa yana tsugune yana wanki. Na tsaya na tambaye shi ko ya san mai waƙar, ya nuna mini ya sani sarai. Da na tambaye shi mutumin ina ne, kuma yaushe ya yi zamani, sai ya shiga sosa ƙeya da hannun kumfa. Daga nan na san abin da zan rubuta.

In faɗa muku gaskiya tun da fari, ni ban taɓa zama gaban Shata ba. Ta hanya uku na san shi, watau garmaho, da rediyo, da kaset. Saboda haka ta kan waɗannan ukun zan bi in ba ku labarinsa, don a ganina wanda bai dube su ba bai gane yadda aka yi ɗan talla daga Musawa ya zama sananne daga Dakar har Hartum ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bafataken goro ne. Daga ƙasar Katsina ya zo ya zauna a nan Mubi tun ana kiran wannan yanki Kamaru ta Arewa, Ingilishi suna riƙe da shi amana, kafin ƙuri'ar 1961 wadda ta haɗa mu da Nijeriya aka yi Lardin Sardauna. Cikin abin da ya mallaka ba wanda ya ke ji da shi kamar garmahonsa. Yaran yanzu ba su san garmaho ba. Wani akwati ne mai hannu a gefe, a yi ta murza hannun har ya yi tauri, sa'an nan a aza faifai baƙi, a sauke masa allura a hankali. Ba ya cin batir, ba ya son lantarki. Allurar kuwa ba ta jimawa sai ta dakushe a sake wata. Faifan in ya faɗi ƙasa ya tashi aiki, don fashewa ya ke yi kamar kasko. Saboda haka a cikin tsohon rawani ya ke naɗe su, mu yara ko kusa ba ma zuwa.

Bayan sallar lisha, in ya ga dama, sai ya sa a fito da shi ƙofar gida. Kafin a jima tabarmi sun cika. Maƙwabtanmu kuwa ba Hausawa ba ne, akwai Gude, da Fali, da Margi, da Fulani. Waɗansu Hausarsu iyakarta ta ciniki a kasuwa. Amma in aka sa Shata sai ka ga kowa ya yi tsit, in ya saki wata magana a fashe da dariya, wanda bai gane ba ya taɓa na kusa da shi a fassara masa. Na san dattawa a garin nan waɗanda rabin karin maganar da ke bakinsu daga wannan baƙin faifai suka kwashe ta, ba daga wani malamin makaranta ba. Mu da a ke biya albashi don koyar da Hausa ya kamata mu riƙa tunawa da wannan.

To, wane ne shi? An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923 bisa lissafin da ya fi yaɗuwa. Sunansa na yanka Muhammadu. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, gidan kuma gidan Fulani ne. Wani ɗan'uwansu da a ke kira Baba Salamu shi ya laƙaba masa Shata tun yana yaro, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. An sa shi makarantar allo kamar kowane ɗan Musulmi, amma bai shiga ta boko ba ko na kwana ɗaya.

Babban abin da za a lura da shi a nan shi ne, Shata bai gaji kiɗa ba. A ƙasar Hausa ta wancan zamani sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ƙira, ɗan mahauci fawa, ɗan wanzami aska, ɗan makaɗi kiɗa. Kiɗa kuma a idon mutane roƙo ne, maroƙi kuwa ko ya fi kowa riguna ba a ba shi wurin zama na ƙwarai. Wanda ya gada ma an yi masa uzuri, an ce abin gidansu ne. Amma ɗan haye, wanda ya bar noman ubansa ya ɗauki roƙo da gangan, wannan ya jawo wa danginsa abin faɗi. Saboda haka Malam Ibrahim Yaro bai so ba ko kaɗan. Kada mu yi saurin ganin laifinsa. Ko yau, cikin iyayen da suka kawo ku kwalejin nan, mutum nawa ne za su yi murna in kuka koma gida da kalangu a rataye?

Yaron ya fara neman na kansa da tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Talla kuwa makaranta ce ta murya, don wanda bai iya jawo hankalin mutane a kasuwa ba da kayansa zai koma gida. Da dare kuma ga dandali, inda samari da 'yan mata ke haɗuwa a farin wata ana wasan asauwara. A nan ya fara jefa waƙa, don nishaɗi kawai, ba don a ba shi ko anini ba. Sannu a hankali ya zamana in bai zo ba wasa bai yi armashi ba. Daga ƙauyensu aka fara kiransa ƙauyukan kewaye, har tiren alewa ya zama shi ne abin wasa, waƙa ta zama sana'a.

Abin kiɗan da ya ɗauka ma abin dubawa ne. Sarauta tana da nata kayan, su tambari da taushi da kotso da jauje, ga algaita da kakaki. Kalangu kuwa na mahauta ne, da 'yan dambe, da 'yan mata a dandali. Ice ne a ke fafewa a bar shi da siririn ƙugu, a rufe baki biyun da fata, a ɗaure su da tsirkiya. Makaɗi ya kan rataya shi a hammata, in ya matse tsirkiyar murya ta yi sama, in ya sassauta ta sauko. Don haka ne ya ke iya kwaikwayon hawa da saukar maganar Bahaushe, har wanda ya san harshen ya ji abin da ya ke faɗi. Wannan ganga ta talakawa ita Shata ya ɗauka, bai kuwa sake ta ba har ya mutu. Da ita ya shiga fadar da a da ba a yi zaton za ta shiga ba.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya sami inuwa wurin Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can wajen sayen auduga da gyaɗa. A Bakori ya yi aurensa na fari. Daga nan ya gangara Funtuwa, wadda ta zama gidansa wajen shekara arba'in. Wanda ya san Funtuwa ya san wannan ba zaman banza ba ne. Gari ne na auduga, ga jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, ga hanyoyin mota sun haɗu. In kaka ta yi kuɗi sun shiga hannun manoma da dillalai da direbobi, kowa kuwa yana son a ji sunansa. Direban babbar mota a wancan lokaci ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne ya ga Ikko ya ga Fatakwal, shi ke kawo labari da sabon yayi. Shata ya yi wa direbobi waƙa, su kuma suka ɗauki sunansa suka kai duk inda taya ta taka.

Shekarar da tauraronsa ya fito sosai ita ce 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sa'ad da aka yi babban bikin nan da a ke kira Bikin 'Yan Sarki, aka aurar da 'ya'yan sarauta goma sha biyu a lokaci guda. Makaɗa sun taru daga ko'ina. Wanda ya yi fice a irin wannan taro, a birni kamar Kano, ba sauran mai tambayar ɗan wane ne shi.

A nan sai in ɗan dakata in bambanta shi da manyan da ya tarar. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Irinsu su kan zauna da yaransu su tsara waƙa, su yi ta bita har ta nuna, sa'an nan a kai ta gaban ubangida. Makaɗin fada na mutum guda ne, shi ke ci da shi, shi ke tufasar da shi. In don zurfin Hausa ne da sassaƙar magana, ni dai ban sa kowa gaban Narambaɗa ba, ko da ya ke na san masoyan Shata za su tare ni a hanyar masallaci a kan wannan. Shi Shata ba na kowa ba ne. Yau ya yi wa sarki, gobe attajiri, jibi mai sayar da tuwo a tasha. Kuma ba ya bita. Ya kan ba yaransa gindin waƙa, watau 'yan kalmomin da za su riƙa amsawa, kalangai su kama, shi kuma ya tsaya ya riƙa ɗora ɗiya a kai nan take, yana duban taron. Wanda ya shigo yanzu sai ya ji sunansa, da na ubansa, da na garinsu, sun faɗa cikin waƙar daidai wa daida kamar da ma an auna. Muryar kuwa garau, ba ya cin kalma, shi ya sa har wanda ke koyon Hausa ya ke iya binsa.

Irin wannan gini yana da wata fa'ida wadda ta dace da zamanin da ya zo a ciki. Faifan garmaho na farko, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowace fuska. Mawaƙin da ya tsara doguwar waƙa mai kai da gindi, in an ce ya tsaya a minti uku an yanka masa ita a tsakiya. Waƙar Shata kuwa kamar tsakiyar kalangunsa ta ke, a matse ta ta matsu, a sake ta ta saku. Ya iya ƙare ta a minti uku, ya iya jan ta sa'a guda a gidan biki. Da dogon faifai ya zo, mai ɗaukar wajen minti ashirin a fuska, kamfanin EMI ya buga waƙoƙinsa a kai. Amma abin da ya fi faifai ɗaukaka shi rediyo ne. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna, mai gajeren zango, wanda a ke kamawa har ƙasashen maƙwabta. Na tuna sa'ad da akwatin rediyo mai batir ya shigo unguwarmu, garmahon mahaifina ya fara kwana a ɗaki. A filin zaɓi-sonka da wuya a tashi ba a sa Shata ba.

Ku duba abin da wannan ya jawo. A da in maroƙi ya yabe ka, iyakar waɗanda suka ji su ne waɗanda ke tsaye a wurin, gari ya waye magana ta bi iska. Yanzu kuwa in Shata ya ambace ka, za a ji ka a Mubi, a ji ka a Maraɗi, a ji ka a zangon Kumasi, a kuma sake ji baɗi. Ashe yabo ya yi tsada ke nan. Wanda a da zai ba da riga, yanzu sai ya ba da doki, mai doki ya ba da mota. Haka kuma zambo ya ƙara dafi, don wanda Shata ya yi wa zambo ba garin da zai gudu ya tsira. Mutane da yawa ba don ƙauna kaɗai su ke yi masa alheri ba, har da tsoron bakinsa. Ban ce wannan hali ne mai kyau ba. Akwai waɗanda ya muzanta waɗanda jikokinsu har yau su ke sunkuyar da kai in an sa waƙar, alhali ba wanda ya ji ta bakin kakan nasu.

Wani abokin aikina mai koyar da kiɗa shi ya jawo hankalina ga abin da ke faruwa a Amurka cikin waɗannan shekaru, na kuwa ga ya kamata in kawo shi nan don a gwada. Can ma a lokacin ne waɗansu samari 'ya'yan talakawa daga kudancin ƙasar suka ɗauki waƙoƙin ƙauyawan Turawa, suka gauraya da kiɗan baƙaƙen fata, suka fito da wani sabon kiɗa mai zafi na jita da a ke kira rokabili. Iyaye da limaman coci suka yi ta tir da shi. A watan Yuli 1954, shekara biyu bayan Bikin 'Yan Sarki, wani mai ɗakin ɗaukar murya a birnin Memfis, Sam Phillips, ya ɗauki faifan farko na wani yaro direban motar kamfanin lantarki, shi ne Elvis Presley.

Amma wanda ya fi ba ni sha'awa cikinsu shi ne Buddy Holly, mutumin Lubbock a Jihar Teksas, wanda aka haifa a 1936. Ya yi suna a 1957. Bai daɗe ba ya gane cewa a can ƙasar ba mai murya ke da iko ba, mai ɗakin ɗaukar murya ne. Shi ke zaɓen waƙar da za a fitar, shi ke riƙe da uwar faifai wadda a ke buga sauran daga gare ta. Wanda ke ɗaukar Holly har sunansa ya kan sa cikin waɗanda suka tsara waƙa, kuɗin kuma ta hannunsa su ke biyowa. Saboda haka a 1958 Holly ya rabu da shi, ya fara shirya faifai da kansa. Shi ya shirya faifan farko na wani saurayi, Waylon Jennings, wanda daga baya ya zama babban mawaƙi, yana kuma da niyyar gina ɗakin ɗaukar murya nasa. Allah bai nufa ba. Ya fita yawon wasa cikin tsananin sanyi don neman kuɗi, ƙaramin jirgin saman da ya shiga ya faɗi ran 3 ga Fabrairu 1959, yana da shekara 22. Duk da haka yawancin abin da ya rera gaban na'ura bai ɓace ba. Har 'yan waƙoƙin da ya ɗauka shi kaɗai a ɗakinsa an tattara an buga, an san inda aka yi kowace.

To, ga mai shekara 22, ga kuma namu wanda ya shekara fiye da hamsin yana waƙa, amma shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Me ya sa Shata, da wayonsa da dukiyarsa, bai kafa ɗakin ɗaukar murya nasa ya riƙe uwar faifansa ba? Na daɗe ina wannan tunani, ga kuma abin da na gani. A Amurka faifan shi ne hajar, shi a ke sayarwa a ci abinci. A wurin Shata kuwa sunan mutum da ke cikin waƙar shi ne hajar, an kuwa riga an biya tun a filin biki. Faifai da rediyo 'yan aike ne kawai, masu kai sunan nesa. Mai goro ba ya faɗa da jakin da ya kai masa kaya kasuwa.

Shi ya sa da kaset ya zo abin bai dame shi yadda ya dami kamfanonin faifai ba. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a 1963, amma bai cika ƙasar nan ba sai cikin shekarun 1970, musamman bayan kuɗin Udoji sun shiga hannun ma'aikata a 1975, kowa ya sayi rediyo mai kaset. Daga nan duk wanda ya je biki sai ya ajiye tasa gaban makaɗa ya danna. A kowace kasuwa, har da tamu ta Mubi, ga masu rumfa suna kwafa daga wannan zuwa wancan suna sayarwa, ba sunan waƙa, ba shekara, ba garin da aka yi ta. Sunan Shata ya ƙara nisa, lissafin waƙoƙinsa ya ƙara rikicewa. Ga shi kuma ba ya maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa, wadda ya ke wasa kansa a ciki, in ka tara kaset biyar sai ka sami biyar ɗin sun sha bamban, don ko yaushe da abin da zai ƙara da wanda zai zubar. Wace ce ta ainihi ke nan? Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ba ta fito ba sai 1988, bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

Abin da ya waƙa kuwa ya fi gaban yabo da zambo. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa soja waƙoƙin ƙarfafa zuciya da na haɗin kan ƙasa. Ya yi na noma, ya yi na gargaɗin 'yan Arewa su tashi su nemi na kansu. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969 ya yi wa kumbon Afolo waƙa, mutanen ƙauye da yawa daga bakinsa suka fara jin labarin. Ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda har yau in an sa ta jikin mutum ya kan yi sanyi. Shi ɗin ne kuma ya yi waƙar da mashaya suka mayar takensu, malamai suka yi ta Allah wadai. Mahaifina in an zo kan wannan sai ya miƙa hannu ya murɗe rediyo, ya yi tsaki, gobe kuma shi ne farkon kunnawa. Haka Arewa duka ta zauna da Shata. Bai ɓoye halinsa ba, mutane kuma ba su iya rabuwa da shi ba.

Siyasa ma ya taɓa ta. Abin mamaki, masu ba shi manyan kyautai sarakuna ne da attajirai, amma a Jamhuriya ta Farko zuciyarsa wajen NEPU ta karkata, jam'iyyar talakawa. Cikin shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, wadda mu mutanen tsohuwar Jihar Gongola muka sani ƙwarai tun da ita ta ci gwamnanmu a 1979, daga baya ya koma NPN. Zamanin Janar Babangida aka zaɓe shi shugaban SDP na Funtuwa, amma bai daɗe ba aka tsige shi bayan ya saɓa da manyan jam'iyyar. Mutumin da ya saba faɗa wa kowa abin da ya ga dama gaban jama'a ina zai iya zaman kwamiti?

Ya yi aikin Hajji, ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Ingila da Amurka. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta M.O.N. A 1975 Malam Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan Shata. A 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi kansa digirin girmamawa, aka sa masa alkyabbar masana, aka koma kiransa Dakta. Na so a ce Malam Ibrahim Yaro ya ga wannan rana.

A ƙarshen rayuwarsa ciwo ya matsa masa. Aka kwantar da shi a Kano, aka kai shi Jidda, ya ɗan sami sauƙi ya komo. Ya rasu ran Jumma'a, 18 ga Yuni 1999. Ba a kai shi Musawa ba, ba a kai shi Funtuwa ba, sai Daura, garin babban ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, can aka rufe shi. Allah ya gafarta masa. A 2006 Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, wanda ya kamata duk mai shirin koyar da Hausa ya nema ya karanta.

Saura in faɗi abin da ya sa wannan magana ta ke ci mini rai. Yayana, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Wata shekara ya yi lodi zuwa ƙasar Katsina, ya tarar ana biki Shata na wasa. Ya kutsa ya yi abin da ya iya na kyauta, Shata ya tambayi sunansa da garinsu, ya jefa shi cikin waƙa, har da ambaton Mubi. Yaron motarsa na riƙe da rediyo ya ɗauka. Wannan kaset shi ne dukiyar gidanmu. Bayan rasuwarsa ya dawo hannuna, na haɗa shi da waɗansu da na tara shekara da shekaru, da sauran fayafayen mahaifina guda huɗu da suka tsira, na sa cikin akwatin ƙarfe. Kullum ina cewa zan kai a juye su, kullum ina ɗagawa. A ƙarshen Oktoba 2014, sa'ad da 'yan bindiga suka shigo garin nan, muka fita da abin da ke jikinmu kamar kowa. Da muka komo na tarar da ƙofa a ɓalle, ba akwati ba alamarsa.

Waƙoƙin da aka buga a faifai na sake samun yawancinsu wurin yaran nan masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa. Amma ta yayana ba ta wurin kowa, don ba a taɓa yin ta ba sai a wannan dare, ba kuma wanda ya ɗauka sai wannan yaron mota. 'Ya'yansa sun girma suna tambayata yadda aka ambaci ubansu, ni kuwa abin da na riƙe bai fi rabi ba.

Saboda haka ga roƙona gare ku, tun da hutu ya gabato. In kun je gida ku duba ƙarƙashin gadon kakanninku, da cikin tsofaffin adudai. Wanda ya sami kaset ko faifai, na Shata ko na wani makaɗi, ko da na harshenku ne ba Hausa ba, kada ya sa shi a rediyo don gwaji, tsohon zare ba ya jure ja. Ya tambayi mai shi inda aka ɗauka, da shekarar in ya tuna, da bikin wane ne, ya rubuta a takarda ya naɗe tare. In an komo ya kawo mini ofis. Na sami na'urar da za mu juye su, in mun gama kuwa za a mayar wa kowa da abinsa.